HATSIN DAJI, KAKAN HATSIN GONARKA

 Kai da ka yi karatun yaƙi da jahilci, wannan takarda taka ce. Ka karanta ta a tsanake. In ka ƙare, ka karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna.

Bara da kaka, wajen wani taro na manoma, wani dattijo ya tashi da zangarniya biyu a hannu. Ɗaya zongo ce, doguwa, cike da ƙwaya. Ɗayar gajeruwa ce, duk gashi, ko taɓa ta aka yi sai ta kaɗe. Ya ce mini: "Malamin gona, wannan ni na shibka ta. To, wannan fa, wa ya shibka mini ita?"

Jama'a suka yi dariya, amma tambayar babba ce. Kai ma ka san shibra. Ka cire ta bana, baɗi ta komo. Don ka gane inda take fitowa, sai ka san ubanta, wato hatsin daji. In ka san shi, za ka ga abu biyu: cikin irin shibkarka ɓarna yake yi, amma can cikin daji dukiya ce da bai kamata ta ɓace ba.

1. MENE NE HATSIN DAJI?

Hatsin daji haki ne da ke tsirowa da kansa, ba mai shibka shi. Ana samunsa a gefen hamada, tun daga Sanagal da Muritaniya, ta Mali da Nijar da Cadi, har Sudan. A ƙasarmu akwai shi cikin ƙoramun Abzin, da wajen Tanut, da Adar, kamar kwarin Keita. Yana son bakin ƙorama da wurin da ruwa ke ɗan kwantawa bayan an yi sama.

Ga yadda za ka gane shi:

- Gindi ɗaya yana yin rassa da yawa, kararsa siririya ce.
- Zangarniyarsa gajeruwa ce, sau da yawa ba ta wuce tsawon tafin hannu ba.
- Ƙwayarsa ƙanƙanuwa ce, tana ɓoye cikin ƙaiƙayi da gashi.
- Da ta nuna sai ta zube ƙasa, ba ta jiran mai yanka.
- Ƙwayoyin ba su tsirowa gaba ɗaya. Wasu su tsiro da ruwan farko, wasu su jira.

Ga manomi duk waɗannan aibi ne. Ga hakin kuwa dabarar zama ce. Da bai zubar da ƙwaya ba, wa zai shibka shi? Da duka sun tsiro rana ɗaya, ruwa ya ɗauke, da iri ya ƙare.

2. DAGA INA HATSINMU YA FITO?

Hatsin gonarka jikan wannan haki ne. A zamanin da, hamadar Sahara ba ta bushe kamar yau ba. Akwai tabkuna da ciyawa, mutane na kiwon shanu suna tara ƙwayar haki suna ci. Sannu a hankali suka lura wani gindi ƙwayarsa ba ta zuba. Suka ajiye ta, suka shibka. Baɗi suka sake zaɓar mai babbar ƙwaya da dogon kai. Haka aka yi ta yi, ɗa ya gaji uba, har haki ya zama hatsi.

Ba tatsuniya ba ce. A kwarin Tilemsi, arewacin Mali, masu tonon kayan tarihi sun sami shaidar hatsin gona jikin fasassun tukwane masu shekara wajen 4500. A 2018 kuma masu bincike sun gwada gadon hatsin gona da na daji, suka gano cewa an fara noma shi a yammacin Sahara, wajen iyakar Mali da Muritaniya, ya kuma fara yaɗuwa kusan shekara 4900 da suka wuce. Daga nan ya bazu cikin Afirka, har ya ƙetare teku ya kai Indiya.

Yau hatsi ya ci kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar da ake nomawa a Nijar. Zongo, ankutes, gergera, ba'angure, maiwa, duka daga wannan tushe suke.

3. ABIN DA AKA BARO A DAJI

Ka dubi garken shanu. Duka shanu ne, amma ba su zama ɗaya ba. Wata ta fi nono, wata ta fi jure ƙishirwa, wata ciwo ba ya saurin kada ta. Kowace ta gaji halinta daga uwa da uba. Tsiro ma haka yake. Cikin kowace ƙwaya akwai abin da masana ke kira ƙwayoyin gado. Ido ba ya ganinsu, amma su ke faɗa wa tsiro tsawon da zai yi, da ranar da zai fidda kai, da ciwon da zai iya jurewa. A 2017 masana sun ƙidaya na hatsi, suka sami fiye da 38000.

To, a ce makiyayi ya ware shanu goma daga garke mai dubu, ya tafi da su wata ƙasa. Ko sun hayayyafa sun yi yawa, halin waɗannan goma kaɗai za su gada. Halayen sauran an baro su baya.

Abin da ya sami hatsi ke nan. Kakanninmu sun zaɓi abin da suke bukata: babbar ƙwaya, wadda ba ta zuba. Sun yi aiki mai kyau, da shi muke ci. Amma wasu halaye sun tsaya a daji. A 2006 an buga sakamakon wani bincike da aka yi kan hatsin Nijar. An gwada iri 421 na gona da iri 46 na daji. Na dajin, ko da yake su ne kaɗan, an iske sun fi na gona yawan bambancin gado.

Shi kansa hatsin daji ba iri ɗaya ba ne. Masana sun raba shi manyan gida uku: na yamma, wajen Sanagal da Muritaniya, na tsakiya, wajen Mali da Nijar, na gabas, wajen Cadi da Sudan. Cikin kowane gida ma, na wannan ƙorama ya bambanta da na waccan. Shekara dubbai yana zaune ba taki, ba noma, ba magani. Fari ya zo, ciwo ya zo, mai rauni ya mutu, mai ƙarfi ya bar iri. Abin da ya rage yau, wanda ya ci jarrabawa ne.

4. YADDA SHIBRA KE SHIGA GONA

Yanzu mu komo ga tambayar dattijo. In hatsi ya fidda kai, ka duba da kyau. Da farko za ka ga fararen zare ƙanana sun fito jikin zangarniya. Wannan shi ne ɓangaren mace. Sai bayan kwana biyu ko uku bununi ya fito, wanda shi ne namiji. Tun da mace ta riga fitowa, yawanci bununin wani gindi ne iska ke kawo mata. Ke nan ƙwayar da ke kan zangarniyarka, ka san uwarta, amma ba ka san ubanta ba.

Hatsin gona da na daji jini ɗaya ne, suna barbarar juna. In bununin na daji ya faɗa kan na gona, ƙwayar wannan shekara ba ta nuna kome. Sai ka shibka ta baɗi, shibra ta fito. Ita ce ruwa biyu: ta fi na daji girma, amma ta gaji zubar da ƙwaya. Zabarmawa na ce mata sun.

Za ka ce: "Ni a garinmu ba hatsin daji, ga shi kuwa shibra ta cika gonata." Gaskiya ne. Shibra ba ta bukatar ubanta kusa. Da ta shiga wuri, ita ke riƙe kanta ta hanya uku:

- Tana zubar da ƙwaya cikin gona, baɗi ta tsiro da kanta.
- Bununinta na faɗawa kan hatsi mai kyau.
- Tana biyo iri, in an ɗebo shi daga hatsin ci ko daga kasuwa.

Shi ya sa bayan shekarar yunwa shibra ke ƙaruwa. Mutum ya cinye irinsa, damana ta faɗi, ya sayi tiya biyu a kasuwa ya shibka, bai san abin da ke ciki ba.

Kada mu manta da alherinta. Shibra na riga hatsi nuna. A lokacin da rumbu ya ƙare, sabo bai iso ba, gidaje da yawa da ita suke ɗora tukunya. Don haka wasu ke barinta da gangan. Ba wauta ba ce. Sai dai kowane gindin shibra ya ci wurin gindin hatsi, ya sha ruwansa da takinsa.

5. ME MASU BINCIKE KE NEMA CIKINSA?

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. In sabon ciwo ya kama hatsin gona, aka rasa irin da ke jure shi, sai masu bincike su koma wajen kakan. Ga misali uku.

Na farko, tsatsa. Ciwo ne da ke sa ganye ya yi ɗigo-ɗigo ja kamar tsohon ƙarfe, ya bushe. A garin Tifton, cikin jihar Jojiya ta Amurka, ana noma hatsi don ciyar da shanu, tsatsa kuwa na ɓata shi. Wani mai bincike, Wayne Hanna, da abokan aikinsa suka gwada hatsin daji da aka kai daga Sanagal. Suka iske tsatsa ba ta kama shi. A 1985 suka bayyana ƙwayar gadon da ke ba shi wannan kariya, suka shigar da ita cikin irin noma. Amma ka ji ƙarshen labarin: bayan ƴan shekaru tsatsar ta sake kama, ta fito da wani launi da ya fi ƙarfin wannan kariya. Ciwo ma yana sake hali. Don haka maganin ɗaya ba ya isa, dole a sami inda za a koma a ɗebo wani.

Na biyu, gaugai, wanda wasu ke kira ƙuduji ko wuta-wuta. Ka san shi, ka san ɓarnarsa. Yana manne wa saiwar hatsi yana tsotsa tun bai fito fili ba. Gindi ɗaya na zubar da ƙwaya dubbai, suna iya kwana cikin ƙasa fiye da shekara 10. A ƙarshen shekarun 1990 an shibka hatsin daji da shibra iri fiye da 270 cikin gonakin gwaji masu gaugai, a Mali da Nijar. Mafi yawa gaugai ya kama su. Amma an sami ƴan kaɗan da bai cika fitowa gindinsu ba. Ka lura da wannan: da iri biyar ko goma kaɗai aka gwada, da an wuce ba a same su ba. Amfanin yawa ke nan. Kafin aikin masu bincike ya iso gonarka, ka ci gaba da tuge gaugai tun bai yi fure ba.

Na uku, haɗa iri. Don a yi irin aure mai yawan amfani, ana bukatar uwa wadda ba ta fidda bununi, don kada ta yi wa kanta barbara. A 1989, a can Tifton, an sami wata sabuwar hanyar samun irin wannan uwa, daga hatsin daji ta fito. Masu gyaran iri a Indiya da wasu ƙasashe sun yi aiki da ita.

Ka ga hakin da muke wucewa ba mu dube shi ba, ya yi amfani har a ƙetaren teku.

6. YADDA AKE ƊAUKO HALI ƊAYA

Kada ka ce za ka zuba hatsin daji cikin irinka don ya yi ƙarfi. Shibra kawai za ka girba. Hali mai kyau yana zuwa tare da munana: ƙaramar ƙwaya, gashi, zuba. Raba su shi ne aikin mai bincike.

Ga yadda yake yi. Yana rufe zangarniya da ƴar jakar takarda tun ba ta fidda zare ba, don kada iska ta kawo bununi. Sai ya zuba mata bununin da ya zaɓa da hannunsa. Ɗan da aka samu rabi na gona ne, rabi na daji. Sai ya sake haɗa shi da na gona: jinin daji ya koma kashi 1 cikin 4. Ya sake: 1 cikin 8. Ya sake: 1 cikin 16. Kowane zagaye yana gwada tsiron da ciwon, ya riƙe wanda ya jure, ya zubar da saura. A ƙarshe sai a sami hatsi mai kamar na gona, mai ɗauke da hali ɗaya na kakansa. Bayan nan a gwada shi a wurare da dama, da gonakin manoma. Aiki ne na shekara da shekaru.

7. RUMBUN IRI

A ƙasarmu cibiyar binciken noma ta INRAN, wadda aka kafa a 1975, tana aikin hatsi a Tarna kusa da Maraɗi. Akwai kuma cibiyar ICRISAT a Sadore, kudu da Yamai. Suna da ɗakunan sanyi inda ake ajiye iri busasshe, kowane da lambarsa da sunan wurin da aka ɗebo shi. Babban gidan ICRISAT a Indiya yana riƙe da hatsi iri fiye da 20000. A 2008 kuma an buɗe wani rumbun iri na duniya cikin dutse mai ƙanƙara, a tsibirin Svalbard na ƙasar Norwe.

Ajiyar nan ta koya mana wani abu game da kanmu. A 1976 masu bincike sun zaga garuruwan Nijar suka karɓi irin hatsi hannun manoma. A 2003 aka koma garuruwa 79 da aka je da farko, aka sake karɓa. Tsakanin nan an sha fari, har da na 1984. Aka shibka tsoho da sabo gefe da gefe. Sai aka ga na 2003 ya fi saurin fidda kai, kararsa da zangarniyarsa sun ɗan rage tsawo. Wata ƙwayar gado mai sa saurin nuna ta kusa ninka yawanta. Damana ta gajarta, hatsi ya bi ta, da taimakon hannun manomi mai zaɓen iri. Da duk gindin da ke gona halinsu ɗaya ne, da ba abin da za a zaɓa.

Amma ɗakin sanyi ba ya maye gurbin daji. Irin da ke cikin kwalba barci yake yi. Wanda ke bakin ƙorama kuwa kowace shekara yana karawa da zafi da ciwon wannan zamani.

8. ABIN DA KE RAGE SHI

A 1961 an yi doka wadda ta sa iyakar noma ta arewa, aka bar abin da ke bayanta don kiwo. Jama'a ta ƙaru, gonaki sun wuce wannan iyaka a wurare da yawa. Bakin ƙorama, inda hatsin daji ke zama, nan ne kowa ke so ya share. Dabbobi na cinye shi ɗanye. Masu tara haki na yanke shi tun bai zubar da ƙwaya ba. Wutar daji na cinye saura.

Akwai kuma wata ɓarna da ido ba ya gani. Yadda bununin daji ke shiga gona, haka na gona ke shiga daji. Binciken nan na 2006 ya iske jinin hatsin gona cikin na daji a tsakiyar ƙasarmu. In abin ya yi yawa, halayen da ake nema sai su tsarke, kamar nonon da aka cika wa ruwa.

9. ABIN DA ZA KA YI

Cikin gonarka:

1. Ka zaɓi iri tun hatsi na tsaye, kafin yanka. Ka shiga tsakiyar gona, nesa da shibra da gefen hanya.
2. Ka ɗauki zangarniya cikakka, matsattsa, marar ciwo, wadda ba ta kaɗewa. Ka ɗebo daga gindi da yawa, kada ka tsaya kan biyar ko goma.
3. Ka ɗaure damin iri daban, ka ajiye shi da zangarniyarsa. Kada a sussuke shi tare da na ci.
4. Wajen cira, ka fidda tsiro mai siririn ganye da wanda ya fito ba cikin rami ba. Tana ƙarama shibra na da wuyar ganewa, don haka ka sake zagayawa lokacin fidda kai, ka tuge ta tun ba ta yi bununi ba.
5. In kana barinta don tsaron yunwa, ka bar ta gefe ɗaya, ka yanke ta kafin ta zube. Kada ka ɗebi iri kusa da nan.
6. In dole ta sa ka nemi iri waje, ka nema wajen maƙwabcin da ka ga gonarsa, ko wajen masu irin da aka tantance. Irin zamani kamar HKP ka sabunta shi bayan shekara 3, don yana gauraya da na maƙwabta.
7. Ko ka karɓi sabon iri, kada ka yar da na gidanku. Ka ba shi ko da kusurwar gona.

Cikin daji:

1. In a yankinku akwai hatsin daji nesa da gonaki, ku bar masa wurinsa.
2. Mai yankan haki ya jira ƙwaya ta zube, ko ya bar wani sashe tsaye.
3. Ku kiyaye wuta. Ku yi hanyar tare gobara tun ciyawa ba ta gama bushewa ba.
4. Ku yi wannan magana tare da makiyaya da mai gari, don sun fi kowa sanin inda yake.
5. In ka ga gindin hatsi, na gona ko na daji, da ya tsaya kore inda saura suka bushe, ko wanda gaugai ya ƙyale, ka yi masa alama, ka gaya wa malamin gona na yankinku.

Da na gama wannan bayani a wancan taro, dattijon ya juya gajeruwar zangarniyar a hannunsa, ya ce: "Ashe ƴar dangi ce. To, ta zauna gidan ubanta, kada ta shigo mini rumbu." Na ce masa: "Baba, ka faɗi magana duka."

Ɗan'uwa, a taronku na gaba ku tambayi tsofaffi: ina ne suka san hatsin daji yana fitowa a da? Yana nan har yanzu? Kai da ka iya rubutu, ka rubuta sunayen wuraren, da sunayen irin hatsin da garinku ke shibkawa, da waɗanda aka daina. Ka aiko mana gidan rediyo, mu karanta cikin shirin manoma don kowa ya ƙaru.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya cika rumbunanmu. Amin.